Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Zaɓen Mai Masaukin Gasar Ƙwallo, Kuma Me Ya Hana Ta Dawowa Kumasi?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru ne a kan batu ɗaya, wato yadda ake zaɓen ƙasa da birane da filayen da za a buga babbar gasar ƙwallon ƙafa. Na ware guda biyar daga cikinsu, na gajarta su kaɗan saboda ƙarancin fili, kuma na fara da wadda sauran suka dogara a kanta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum bayan sallar Isha'i muna gardama a majalisarmu ta shayi a kan wanda ke ba ƙasa gasar cin kofin duniya. Wasu sun ce shugaban FIFA ne kaɗai ke yanke hukunci, wasu kuma sun ce kuɗi ne kawai ke magana. Yaya abin yake a gaskiya? Daga wani matashi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida mini 'yan majalisarku, ka shaida musu cewa kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiyar, sai dai tsarin ya sauya a cikin shekarun nan, saboda haka dole mu fara daga baya.

Har zuwa shekarar 2010, kwamitin zartarwa na FIFA mai mutum 24 ne ke zaɓen mai masaukin baƙi, kuma a asirce suke kaɗa ƙuri'a. Idan mutane kaɗan ne ke riƙe da hukunci mai girma haka, ƙuri'a ɗaya tak tana iya juya makomar nahiya guda, kuma mu 'yan Afirka mun ɗanɗana hakan a shekarar 2000, lokacin da Jamus ta doke Afirka ta Kudu da ƙuri'a 12 da 11 a neman gasar 2006, bayan wakilin yankin Oshiniya ɗan New Zealand, Charlie Dempsey, ya ƙi kaɗa tasa a zagayen ƙarshe. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa FIFA ta kawo tsarin karɓa-karɓa tsakanin nahiyoyi, aka ware wa Afirka gasar 2010, kuma a watan Mayun 2004 Afirka ta Kudu ta samu ƙuri'a 14, Maroko ta samu 10, Masar kuwa ko ɗaya ba ta samu ba. Abin da ya karya wancan tsari shi ne zaɓen ranar 2 ga Disamban 2010, inda aka ba Rasha gasar 2018 da Katar gasar 2022 a zama ɗaya. Mutum 22 ne suka yi zaɓen, domin an dakatar da biyu tun kafin ranar bisa zargin neman abin hannu, ciki har da Amos Adamu na Najeriya, kuma a shekarun da suka biyo baya an kori ko an tuhumi da dama daga cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a kan laifuffuka daban-daban. Don haka masu cewa kuɗi na magana ba su faɗi haka a banza ba.

Daga nan aka mayar da zaɓen hannun babban taron FIFA, inda kowace hukumar ƙwallo daga cikin mambobi 211 take da ƙuri'a ɗaya, Ghana daidai da Jamus, kuma ana wallafa wanda kowa ya zaɓa. Da wannan tsari aka yi zaɓen ranar 13 ga Yunin 2018 a Mosko, inda haɗin gwiwar Amurka da Kanada da Meziko ya samu ƙuri'a 134, Maroko ta samu 65. Amma kafin a kai ga ƙuri'a akwai aiki mai tsawo. Ƙasar da ke nema tana miƙa kundi mai kauri wanda ya ƙunshi filaye da otal-otal da filayen jirgin sama da tsarin tsaro, tare da takardun alkawari daga gwamnati a kan biza da yafe haraji, sannan FIFA ta aiko masu duba su zagaya su gani da idonsu, su ba da maki. A wancan karo Maroko ta samu maki 2.7 cikin 5, abokan takararta suka samu 4, domin tara daga cikin filaye 14 da ta gabatar ba a riga an gina su ba, kuma kuɗin shigar da aka yi hasashen samu a Arewacin Amurka ya kusa ninka nata. Tun da FIFA na raba wa mambobinta wani kaso na abin da ta samu, kowace hukuma tana duba aljihunta kafin ta duba maƙwabtaka.

Inda masu cewa shugabanni ne ke yanke hukunci suke da hujja shi ne abin da ya faru ranar 11 ga Disamban 2024. An tabbatar da Maroko da Sifaniya da Fotugal a matsayin masu masaukin 2030, tare da wasanni uku a Yurugwai da Ajantina da Faragwai domin cika shekara 100 da fara gasar, aka kuma ba Saudiyya 2034, kuma duka biyun babu abokin takara, da tafi aka amince. Ƙa'ida ta hana nahiyar da ta karɓi ɗaya daga cikin gasa biyu da suka gabata sake nema, to da aka raba 2030 tsakanin nahiyoyi uku, ga kuma 2026 a hannun Arewacin Amurka, sai ya rage Asiya da yankin Oshiniya kaɗai ke da damar neman 2034, wa'adin nuna sha'awa bai kai wata guda ba, Ostareliya kuma ta janye. Na yi farin ciki ƙwarai da Maroko ta samu bayan ta nema sau biyar tana faɗuwa, amma ba zan ɓoye maka damuwata ba: idan ɗan takara ɗaya ne ya iso gaban masu zaɓe, to an riga an gama zaɓen a wani ɗaki tun kafin a kira taro. Game da kofin Afirka kuwa, har yanzu kwamitin zartarwa na CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, shi ne ke zaɓe, ba dukkan mambobinta 54 ba.

Tambaya: Ina cikin waɗanda suka kalli gasar 1978 a filin Kumasi da idonsu, na kuma ga ta 2000 da ta 2008. Yanzu shekaru sun ja, ina son in sake ganin kofin Afirka a garin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Me ya sa aka daina ba mu, alhali muna da filin Baba Yara? Daga wani Alhaji a Asawase.

Amsa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya kuma cika maka wannan buri. Wasiƙarka ce ta fi daɗewa a hannuna, domin tambayarka ita ce tawa.

Ghana ta karɓi baƙuncin kofin Afirka sau huɗu, kuma babu ko ɗaya da aka yi ba tare da Kumasi ba. A 1963 ƙasashe shida ne suka buga, muka doke Sudan da ci 3 da nema a wasan ƙarshe. A 1978 da ka gani, ƙasashe takwas ne, birane biyu suka wadatar, Accra da Kumasi, kuma da 'ya'yan zango irin su Karim Abdul Razak da Mohammed Polo muka ɗauki kofin karo na uku bayan doke Yuganda da ci 2 da nema. A 2000 mun raba da Najeriya, aka buga a Accra da Kumasi da Legas da Kano. A 2008 kuma, bayan mun kayar da Libiya a zaɓen da aka yi a Alƙahira a 2004, an gyara filayen Accra da Kumasi, aka gina sababbi biyu a Tamale da Essipong kusa da Sekondi, ƙasashe 16 suka buga wasanni 32. Ina cikin filin Baba Yara a daren da Masar ta ci Kwaddibuwa 4 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, kuma har yau ina tuna yadda ciyawar ke sheƙi a ƙarƙashin fitilu, da yadda muka taka da ƙafa zuwa gida cikin cincirindon mutane, harsuna kala-kala na tashi ta kowane gefe.

Abu na farko da ya sauya shi ne girman gasar. A 2017 CAF ta ƙara yawan ƙasashe zuwa 24, wasanni suka koma 52, kuma daga gasar 2019 ana buƙatar aƙalla filaye shida: biyu masu ɗaukar mutum 40,000, biyu masu ɗaukar 20,000, biyu kuma masu ɗaukar 15,000. Yanzu mu ƙirga abin da muke da shi. Filin Accra da na Baba Yara suna ɗaukar kimanin 40,000 kowanne. Filin Aliu Mahama na Tamale da na Essipong suna ɗaukar kimanin 20,000 kowanne. Filin Cape Coast da aka buɗe a 2016 yana ɗaukar kimanin 15,000. Ka ga ke nan a kan takarda fili ɗaya tak ya rage mana mu cika sharaɗin, kuma ƙasashen Afirka kaɗan ne za su iya faɗin haka ba tare da sun haƙa sabon harsashi ba. Wannan lissafi ne ya fi sosa mini rai, domin ya nuna cewa abin da ya raba mu da gasar ya fi kusa da gida fiye da yadda muke so mu yarda.

Masu duba na CAF ba kujeru kaɗai suke ƙirgawa ba. Suna durƙusawa su taɓa ciyawa, su ga ko ƙasa ta baje daidai, ko akwai bututun ban ruwa da magudanar da za ta janye ruwan sama cikin ɗan lokaci. Suna auna hasken fitilu domin kyamarorin talabijin, su tambayi inda janareta yake da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya tashi idan wuta ta ɗauke. Suna shiga ɗakunan canza kaya su buɗe famfo, su duba ɗakin likita da wurin 'yan jarida da ɗakin na'urar taimaka wa alƙalin wasa. Sannan su fita waje su nemi filayen atisaye masu ciyawa irin ta babban fili, da otal ɗin da zai ɗauki tawagogi huɗu a gari ɗaya, da asibitin da motar ɗaukar marasa lafiya za ta isa cikin gaggawa, da filin jirgin sama. A waɗannan na waje Kumasi ba ta da abin jin kunya, domin ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ga kuma filin jirgin sama na Prempeh na Ɗaya da aka ƙaddamar a 2024.

A cikin filin ne muka gaza. Ranar 5 ga Satumban 2024 na je kallon wasanmu da Angola a Baba Yara, kuma tun daga inda nake zaune ina hango tabo-tabo na ciyawar da ta mutu, ƙwallo na tsalle inda ya kamata ta mirgina, 'yan wasa na duban ƙasa kafin su buga. An ci mu ɗaya a mintunan ƙarshe, bayan 'yan kwanaki kuma CAF ta janye amincewarta da filin. Ba wannan ne karo na farko da ciyawa ta sa wani fili namu ya rasa wasa ba, domin a Maris na 2022 an ɗauke wasanmu da Najeriya na neman gurbin kofin duniya daga Cape Coast aka kawo shi Kumasi, saboda faretin bikin 'yancin kai ya lalata ciyawar can. Filin Essipong kuwa, wanda Najeriya da Kwaddibuwa da Mali da Benin suka buga a cikinsa a 2008, ya shafe shekaru rufinsa na yagewa, har ya daina karɓar manyan wasanni. Ciyawar fili abu ne mai rai, tana son ruwa da taki da aski a kan lokaci, tana kuma son hutu, kuma idan aka kafa rumfuna da dandamali a kanta na kwanaki domin taro ko waƙa, kuɗin hayar da aka karɓa ba ya kai na gyaran ɓarnar da aka yi. Ƙasar da take faman samun fili ɗaya da za ta buga wasan share fage a gida, da wane baki za ta nemi a ba ta wasanni 52?

Akwai kuma batun ƙofofi, wanda bai kamata ɗan Ghana ya taɓa ɗaukarsa da wasa ba. Ranar 9 ga Mayun 2001 mutum 126 suka rasu a filin Accra bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, lokacin da aka harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga suka tarar da hanyoyin fita a toshe, kuma daga cikin mamatan akwai matasan Nima da na sauran unguwanninmu. Allah ya jiƙansu. A Janairun 2022 mutum takwas suka mutu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yawunde ana tsakiyar gasar kofin Afirka, alhali sabon fili ne. Saboda haka idan masu duba suka tsaya suna auna faɗin ƙofa da yawan matakala, suna tambayar minti nawa za a ɗauka kafin fili ya zama wayam, ni ina goyon bayansu, ko da hakan zai sa a hana mu.

Hanyar da nake gani ta fi kusa ita ce haɗin gwiwa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Satumban 2023 CAF ta ba Kenya da Yuganda da Tanzaniya gasar 2027 tare, kuma mu da kanmu mun gwada irin haka da Najeriya a 2000. Lome, babban birnin Togo, ta fi Kumasi kusa da Accra. Idan Ghana ta kawo filaye uku ko huɗu masu lafiya, maƙwabta suka kawo sauran, ba za a ci bashin gina abin da ba za a iya riƙewa ba. Amma ko wannan ba zai yiwu ba sai an ga Baba Yara yana da kore shar shekara bayan shekara, a lokacin da babu wani baƙo da ake jira.

Tambaya: Na ji an ce babban birnin Amurka da kuma Chicago ba sa cikin biranen gasar 2026. Ta yaya babban birni zai rasa, ƙarami ya samu? Wa ke zaɓen birane bayan an ba ƙasa? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Bayan an ba ƙasa, sai a buɗe wata sabuwar takara tsakanin biranenta, kuma hukumar da ke da gasar ce ke da maganar ƙarshe, tare da shawarar kwamitin shirye-shirye na cikin gida. A gasar 2026 mai ƙasashe 48 da wasanni 104, an sanar da birane 16 a watan Yunin 2022, wato 11 a Amurka, uku a Meziko, biyu a Kanada. FIFA na neman fili mai ɗaukar aƙalla 40,000 domin wasannin rukuni, 60,000 domin wasan kusa da na ƙarshe, da 80,000 domin wasan ƙarshe, kuma sai da ciyawa ta gaskiya, abin da ya tilasta wa filayen Amurka da dama da ke amfani da ta roba su shimfiɗa sabuwa. Washington ta faɗi ne saboda filin da ta fara gabatarwa bai gamsar ba, ta haɗa kai da Baltimore daga baya, duk da haka ba a zaɓe su ba. Chicago kuwa da kanta ta janye tun 2018, domin hukumomin birnin sun ce FIFA ba ta ba su tabbacin da zai kare masu biyan harajinsu daga asara ba, Montreal ma ta janye a 2021 saboda tsada. Birnin da ya karɓi wasa shi ne ke ɗaukar nauyin tsaro da sufuri da wuraren kallo na jama'a, kuɗin tikiti da na talabijin kuwa mafi yawansu na FIFA ne, shi ya sa ba kowane birni ne ke ganin abin riba ba.

A ƙasashe irin namu akwai wani ma'auni da ba a rubuta shi a kundin sharuɗɗa ba, wato adalci tsakanin yankuna. Kano ta samu wasanni a 2000, Tamale a 2008, Garwa a arewacin Kamaru a gasar da aka buga a farkon 2022, Korhogo a arewacin Kwaddibuwa a farkon 2024. Ina ganin wannan daidai ne, domin yaron Tamale ma yana da hakkin ya ga manyan 'yan wasa a garinsu, kuma hanya da wuta da ake kaiwa saboda gasa suna zama bayan baƙi sun tafi. Sai dai dole a daidaita girman fili da girman ƙwallon garin. Brazil ta gina katafaren fili a Manaus, cikin dajin Amazon, domin wasanni huɗu kacal na gasar 2014, a garin da ba shi da ƙungiya a babban rukunin ƙasar, aka bar jama'a da nauyin kula da shi. Katar ta bi wata hanya dabam a fili guda, wanda ake kira 974, inda Ghana ta buga da Fotugal a 2022, domin da kwantenoni aka gina shi da niyyar a iya warware shi bayan gasa.

Tambaya: Shin ana iya ƙwace gasa daga ƙasa bayan an riga an ba ta? Daga wata ɗaliba a Ashaiman.

Amsa: Ana iyawa, 'yata, kuma a Afirka ya faru sau da yawa. Kenya ta rasa gasar 1996 aka kai Afirka ta Kudu, Zimbabwe ta rasa ta 2000, wadda ita ce ta faɗo hannun Ghana da Najeriya. Maroko ta nemi a ɗage ta 2015 saboda tsoron cutar Ebola, CAF ta ƙi, aka mayar da ita Ikwatoriyal Gini. A nan Accra ne ma kwamitin zartarwa na CAF ya zauna ranar 30 ga Nuwamban 2018 ya ƙwace gasar 2019 daga Kamaru saboda jinkirin ayyuka da batun tsaro, aka ba Masar a watan Janairu, watanni kaɗan kafin a fara. A nan ya dace a yi wa Kamaru adalci, domin a 2014 da aka ba ta, gasa ce ta ƙasashe 16, aka mayar da ita ta 24 tana tsakiyar aiki. Gini ma ta rasa ta 2025 a shekarar 2022, Maroko ta karɓa. Idan kin lura, duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, ƙasar da filayenta ke shirye ake kira, shi ya sa sunayen Masar da Maroko da Afirka ta Kudu ke yawan dawowa. Yanayi ma yana iya sauya lokaci ko da bai sauya wuri ba, kamar yadda aka ɗage gasar Kwaddibuwa daga tsakiyar 2023 zuwa Janairun 2024 saboda damina.

Tambaya: Malam, ni sana'ata sayar da waakye ce, kuma a 2008 na yi ciniki sosai a kusa da filin wasa. 'Ya'yana suna cewa yanzu idan babbar gasa ta zo, ba a barin irinmu mu kusanci fili. Haka ne? Kuma talaka yana amfana da waɗannan gasa kuwa? Daga wata Hajiya a Sabon Zango, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. 'Ya'yanki sun faɗa miki gaskiya, musamman game da kofin duniya. Daga cikin yarjejeniyar da birni ke sa wa hannu akwai keɓe wani yanki a kewayen fili, inda ba a yarda kowa ya yi talla ko ciniki ba sai kamfanonin da suka biya kuɗin ɗaukar nauyin gasar da waɗanda aka ba lasisi. Har sunan filin kansa ana sauyawa idan na wani kamfani ne, shi ya sa filin MetLife da aka zaɓa domin wasan ƙarshe na 2026 ya koma amsa sunan New York da New Jersey a takardun gasar. A Afirka ta Kudu a 2010 an tashi masu ƙananan sana'o'i da dama daga wuraren da suka saba zama a kusa da filaye, ciki har da mata masu dafa abinci waɗanda suka shafe shekaru suna ciyar da 'yan kallo. A kofin Afirka abin bai kai haka tsanani ba, amma CAF ma tana ƙara matsawa a kan hakkin masu ɗaukar nauyinta, kuma shingen tsaro kaɗai ya isa ya nisanta tukunyarki da bakin ƙofa.

Game da amfani, zan gaya miki abin da na gani a 2008. Masu otal sun samu, direbobin tasi da na trotro sun samu, masu abinci irinki sun samu, 'yan kasuwar Kejetia masu sayar da riguna da tutoci sun samu, kuma gidajen zango da yawa sun sauki baƙi daga ƙasashen maƙwabta waɗanda Hausa ce ta haɗa mu da su. Amma duka wannan ciniki na mako uku ne. Abin da ya ci gaba da kawo miki masu saye bayan haka shi ne wasannin Kotoko na gida da ranakun da Black Stars suka zo gari, kamar ranar da muka ci Masar 6 da 1 a Oktoban 2013, lokacin da garin nan ya cika ya batse tun da hantsi. Duk wasan da aka ɗauke daga Kumasi saboda fili bai cika sharaɗi ba, ke da 'yan'uwanki ne kuke fara jin sa a tukunya, tun kafin 'yan jarida su rubuta labarin. Saboda haka kina da hakkin ki yi magana a kan kula da filin nan kamar yadda kowane mai sharhin wasanni yake da shi.

Idan Allah ya sa Ghana ta sake nema, lokacin da ya kamata ku motsa shi ne lokacin da ake rubuta kundin nema, tun kafin a sa hannu a yarjejeniyar birni, domin bayan an sa hannu babu wanda ke da ikon sauya layi ɗaya a cikinta. Ku haɗu da magajiyarku, ku je wurin Sarkin Zango da wakilin unguwarku a majalisar birni, ku nemi a ware wa masu abincin gida rumfuna a wuraren kallo na jama'a da kan hanyoyin da 'yan kallo ke bi zuwa fili, a rubuta hakan a takarda, a kuma faɗa muku tun da wuri irin takardar shaidar lafiya da kuɗin rajistar da za a nema daga kowace mai tukunya.